Rijiyar Bappa Laminu

Duk wanda ya sauka a Luggere ya ce a kai shi Gidan Rijiya, ko ɗan Keke Napep ɗin da ya shigo Jimeta jiya ba zai nemi kwatance ba. Gidan Alhaji Laminu ne mai sayar da wake, mutumin Borno da ya daɗe a garin har 'yan unguwa suka koma kiransa Bappa. Rijiyar ya haƙa ta ne sadaka ga mahaifiyarsa bayan ta rasu. Ya ɗaure bakinta da siminti, ya fasa 'yar ƙofa ta lungu don matan maƙwabta su shigo su ja ba sai sun yi sallama ba. Kowace ta ɗora bokiti a ka sai ta ce, "Allah ya kai ladan kabarin Hajja." Wannan addu'a ta fi masa ribar wake daɗi, kuma ban ga laifinsa a nan ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka watsa garuruwa, dangi suka yi ta kwararowa gidan da ƙunshin tsummokara a ka. Bai kori kowa ba, wannan ma a faɗa masa. Ya jera ɗakuna a bayan gida, da tsohuwar salga ta cika ya sa aka haƙa sabuwa a ɗan filin da ya rage, wato jikin katangar rijiya. Kusancin har ya kai mai jan guga na jin motsin butar wanda ke ciki.

Cikin waɗanda suka samu ɗaki akwai Abba, ɗan ƙanin Alhaji, da matarsa Hamsatu. Abba ya koma yaron shagon baffansa, Hamsatu ta koma hannun Hajja Zuhra, matar gidan: shara ita, wanke-wanke ita, jan ruwa ita. A nan ta haifi 'yarta ta fari, Ikram, kuma ita kaɗai ce abin da Hamsatu za ta nuna ta ce nata ne a duk faɗin Jimeta.

Da aka yaye Ikram damina ta faɗi, sai gudawa ta kama ta. Ta tsaya, ta dawo, ta tsaya, ta dawo. Yarinyar da ke bin kaji da gudu a tsakar gida ta koma kwanciya a tabarma, wuya ya yi tsawo, idanu suka faɗa. Hajja Zuhra ta ce haƙora ne. Da haƙoran suka gama fitowa ta ce zafin yaye ne. Da wannan ma ya ƙi ciwuwa sai ta ce, "Ke dai kin cika rawar jiki. 'Yar fari ce fa, ina kunyarki? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane."

Hamsatu ta haɗiye kunyar ta goya 'yarta zuwa asibitin unguwa. Ma'aikaciyar da ta duba su, Keturah, doguwar mace mai saurin magana, ta ja fatar cikin yarinyar ta saki, fatar ta ƙi komawa da wuri.

"Wane ruwa kuke sha?"

"Na rijiyar gidanmu. Gidan Rijiya."

Keturah ta ɗago kai. "Ke ma? Wannan wata yara nawa na gani daga lungun nan naku. Ruwa fa ba ya tsami banza, Maman bebi."

Ta buɗe durowa ta ɗauko ƙananan kwalabe biyu kamar na turare, kowace da 'yar takarda naɗe a cikinta. Ta ce ɗaya a cika ta da ruwan rijiyar daga guga kai tsaye, ɗaya da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe su a ajiye a ɗaki inda ba rana. "Zuwa jibi ki duba. In ya tsaya yadda yake, to madalla. In ya yi baƙi, bayan gida na shiga ruwan nan, ba wani abu ba. Kafin nan kar yarinyar nan ta sha komai sai tafasasshe, da ruwan gishiri da sukari yadda na nuna miki."

Hamsatu ta ɓoye kwalaben a bayan jeren kwanukanta. Ba ta iya jira ba, bini-bini sai ta leƙa. Rana ta farko ba komai, har ta ji sanyi a ranta, don ita ma ba ta so a ce rijiyar da ta shayar da su ranar da suka iso da ƙafafu a kumbure ita ce ke cin 'yarta. Washegari da hantsi ta ɗaga kwano. Kwalbar tafasasshen ruwa na nan garau. Ɗayar ta yi baƙi ƙirin kamar tawada, da ta ɗan sassauta murfin sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancinta. Ta zauna a ƙasa tana kallon Ikram da ke barci baki a buɗe.

Mijinta ta fara nuna wa da ya dawo cin abincin rana.

"Yaya, dubi abin da muke ba ta."

Abba ya kalli kwalbar, ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Rufa mana asiri, Hamsatu. Ɗakin nan nasa ne, shagon nasa ne, tuwon da ke gabana nasa ne. Da wane baki zan je in ce rijiyar kakata ƙazanta ce?"

"Da bakin da za ka ce 'yarka ba ta da lafiya."

"Ki tafasa mata kawai. Ba sai kowa ya ji ba."

"Sauran yaran lungun fa?"

"Ke kika haife su?" Ya faɗa, sannan ya ji nauyin maganar, ya ture kwanon ya fita bai gama ci ba. Abba ba mugu ba ne. Tsoro ne ya cinye shi tun daga ranar da ya gudo, kuma tsoro in ya zauna a mutum, aikin mugunta yake yi masa kyauta.

Da la'asar Hamsatu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta iske Alhaji Laminu a inuwar mangwaro yana jan carbi, ta durƙusa nesa kaɗan, ta ajiye kwalaben biyu a gefen buzunsa, ta faɗi abin da aka gaya mata da murya ƙasa-ƙasa. Alhaji mutum ne mai ɗan karatu, har dattawa na ɗaukar littafi a zaurensa bayan asuba. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi.

"Hamsatu, jawo mini guga ɗaya."

Ta jawo. Ya sa ta zuba a farin kwano.

"Launinsa ya canza?"

"A'a, Baba."

"Sansana. Yana wari?"

"Ba ya yi."

"Ɗanɗanonsa fa, ke da kike sha kullum?"

Ta girgiza kai.

"To malamai sun gama magana tun kafin a haifi kakar mai ba ki kwalba. Ruwan da launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su canza ba, mai tsarki ne. Ita ta sa maganinta a kwalba, maganin ya yi baƙi, sai a ce rijiyata ce?"

"Baba, ɗayar ma akwai maganin a ciki, ga ta nan fari tas."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗauki baƙar da yatsu biyu ya miƙa mata. "Je ki jefa a salga, can ne gidanta. Kuma kar in ji maganar nan a bakin matan lungu. Sadakar uwata ce. Wanda ya hana mutane shan ta, ladan mamaciya ya yanke."

Kai, ka ji mutum! An tambaye shi ruwan sha, ya ba da amsar ruwan alwala, kuma ya san bambancin sarai.

Hamsatu ta koma tafasa ruwa a ɓoye. Sai an sauke tukunyar tuwo ta ɗora 'yar tukunyarta a kan sauran garwashi, ta juye a jarka ta kai ɗaki. Hajja Zuhra ta lura, ta fara mita a kan itace, wai ana ƙona mata shi a kan tsirfar asibiti. Hamsatu ta riƙa tsinto ƙirare da ɓawon rake a bakin hanya. Cikin ikon Allah gudawar ta tsaya. Ikram ta fara karɓar kunu, ranar nan har ta kama ƙafar gado ta miƙe tana ƙyalƙyala dariya, ita kaɗai ta san abin da ya ba ta dariya. Hamsatu ta juya baya ta yi kukan daɗi don kar a gan ta.

Amma magana ba ta kwana a tulu. Wata maƙwabciya ta ga jarkar ta tambaya, Hamsatu ba ta iya ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo matan da ke shigowa ta ƙofar lungu sun ragu, waɗanda suka zo ma suna ja suna ƙus-ƙus. Wani dattijo ya tare Alhaji a ƙofar masallaci ya ce, "Bappa, wai me muke ji game da rijiyar nan?"

Ranar Alhaji ya shigo gida fuska a murtuke. Ya sa aka ɗauko masa allo da tawada, ya zauna a tsakar gida inda kowa zai gani, ya cika allon da rubutu. Sannan da hannunsa, shi da bai taɓa riƙe igiyar ba, ya zura guga ya jawo, ya wanke allon a ƙwarya.

"Abba, kawo yarinyar nan. Tunda an ce ciwo ya ƙi ta, ga magani."

Hamsatu ta fito da gudu, jarka a hannu. "Baba, ta samu sauƙi wallahi. In ma za a ba ta, don Allah a wanke da wannan, na tafasa shi."

"Au, ayar Allah ce sai an tafasa mata ruwa?"

"Ba ayar nake nufi ba, Baba, ruwan..."

"Kun ji ko?" Ya juya ga matan da suka yi cirko-cirko da bokitai. "Kwalbar asibiti ta fi mata abin da ke kan allon nan."

Aka hau salati. Hajja Zuhra ta riƙe haɓa tana cewa, "Yarinya, ki tuba." Ina Hamsatu za ta sa kanta? Ita ma da rubutu aka rene ta, ba ta taɓa shakkar abin da ke kan allo ba, kuma ayar Allah ba ta yi wa kowa laifi ba a gidan nan. Amma Alhaji ya ɗaure ayar da ruwan rijiyarsa ƙulli ɗaya, yadda duk wanda ya ƙi ɗaya za a ce ya ƙi ɗayan. Ta kalli mijinta. Abba ya sunkuyar da kai, ya shiga ɗaki ya ɗauko Ikram, ya zaunar da ita a cinyarsa ya riƙe mata hannuwa, Alhaji ya kafa mata ƙwaryar a baki. Yarinyar ƙishi take ji, ta shanye tas har tana lasar baki.

Haka aka yi washegari, haka aka yi ranar da ta biyo. Matan lungu suka ga Bappa na shayar da jikarsa da hannunsa, hankalinsu ya kwanta, layin bokitai ya dawo kamar da.

Ba a jima ba, wata safiya gudawar ta dawo da amai a tare, kuma wannan karon ba irin ta da ba ce. Abin da ke fita fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Duk cokalin da Hamsatu ta ɗura sai ya dawo. Kafin azahar kukan Ikram ya daina fita, sai baki kawai take buɗewa. Abba na kasuwa. A gidan kuwa ba mai fita asibiti sai da izinin Hajja Zuhra tun ranar rubutun. Hamsatu ta saɓi yarinyar ta nufi ɗakin Hajja, ta ɗaga labule ba sallama.

Hajja Zuhra na zaune a kujera 'yar tsugunno gaban randar Alhaji, randar da Hamsatu ba a taɓa barinta ta cika ba, wai Alhaji ba ya son hannu da yawa a ruwansa. A gefenta buhun ruwan leda ne a buɗe. Reza na hannunta, tana yanke bakin leda tana tsiyayewa a randar, ledojin da ta gama ta tara su a tsohon zane za ta ƙulle.

Suka kalli juna.

"Tun yaushe, Hajja?"

"Ke, ba a sallama ne?"

"Tun yaushe?"

Hajja ta ajiye rezar. "Tun bara, da cikinsa ya ɓaci aka kwantar da shi. Likita ya ce ya bar ruwan rijiya. Cikin tsoho ne, ba irin naku ba." Ta ga Hamsatu ba ta motsa ba, sai ta ƙara da sauri, "To me kike so ya yi? Ya rufe ta? Duk lungun nan ina za su? Famfo rabonsa da kawo ruwa tun yaushe? Ya saya wa gida mai mutum sama da talatin ruwan leda? Ko ya fito ya ce sadakar uwarsa ta zama cuta, a riƙa nuna shi a kasuwa? Ke yarinya ce, ba ki san abin da ake kira mutunci ba."

Hamsatu ba ta nemi izinin ba kuma. Ta fita ba mayafi, ƙafa ba takalmi, ta tare Keke a bakin titi. A asibiti Keturah ta karɓi yarinyar tana faɗin, "Me ya faru? Ba ta warke ba?" Suka nemi jijiya a hannu, suka nema a ƙafa, suka aske gefen kai suka nema a nan. Jijiyoyin duk sun kwanta. Da ƙyar aka samu ɗaya, ruwan ya fara ɗiga, Hamsatu ta riƙe 'yar ƙafar tana jin sanyinta na hawa. Ba ta taɓa kiran sunan 'yarta a gaban mutane ba saboda kunyar ɗan fari. Ranar ta kira shi da ƙarfi har na waje suka ji. Ikram ba ta amsa ba. Kafin la'asar ta cika.

Da ruwan rijiyar aka yi mata wanka. Alhaji Laminu ne ya ja sallar, muryarsa har tana rawa, mutane suka ce Allah sarki, Bappa ya ji mutuwar nan. Wataƙila ya ji ɗin. Ni dai ban shiga zuciyarsa ba.

Ranar addu'ar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa suka cika, ana raba goro. Alhaji na tsakiya yana karɓar gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare, kowa da ranarsa, yaro ma mai ceto ne ga iyayensa. Hamsatu tana jin muryarsa daga ɗaki. Tun da aka dawo daga maƙabarta ba ta ce wa kowa uffan ba, har Abba da ke zaune a bakin ƙofa yana kuka kamar mace. Sai ta tashi. Ta ɗauki farin kwanon nan, ta je rijiya ta zura guga, ta cika shi fal. Ta ratsa zaure, matan gida na kiranta, ta fito cikin maza da mayafinta, ta durƙusa gaban Alhaji yadda ta saba, ta miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga ruwa. Na rijiyar Hajja ne, yanzu na jawo."

Ba wanda ya ga abin aibu, suruka ta kawo wa surukinta ruwa a rana mai zafi. Wani ma ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki haƙuri."

Alhaji ya karɓa, don ba yadda zai yi. Ya kalli ruwan. Garau yake, ba launi, ba wari.

"Sha mana, Baba," in ji Hamsatu. "Mai tsarki ne."

Ya ɗaga kwanon har kusa da baki, ya tsaya. Dattawa na kallo. Sannan ya sauke shi a hankali ya ajiye a gefen tabarma.

"Azumi nake yi," ya ce.

Jan goro na nan a haƙoransa, ragowar ɓarin yana hannunsa na hagu. Dattijon da ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya kalli goron, ya kalli kwanon, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kowa ya gani, kuma kowa ya zaɓi bai gani ba, don gobe ma a masallaci ɗaya za a haɗu.

Kafin sati ya cika aka ce baƙin ciki ya taɓa Hamsatu, gara ta je wurin 'yar uwarta a Yolde Kohi ta huta. Abba ne ya ɗaure mata kayan, bai iya haɗa ido da ita ba. Da safe ta fito ta ƙofar lungu da ƙullinta, ta tarar da wata baƙuwar fuska a bakin rijiya, matashiyar mace ce da goyo, tana warware igiya.

Hamsatu ta riƙe mata hannu. "'Yar uwa, kar ki ba ɗanki ruwan nan. Shi ya kashe tawa. Mai rijiyar ma ba ya sha."

Matar ta dube ta, ta dubi katangar salga, ta gyara goyonta. Ba ta musa ba.

"Na ji ana faɗa," ta ce. "To ina zan samu wani?"

Hamsatu ta ce, "Ki tafasa. Ko me za a ce miki, ki tafasa. Kuma kar ki bar kowa ya ba shi da hannunsa."

Matar ta gyaɗa kai, ta saki guga. Hamsatu ta ji faɗawarsa a ruwa tana tafiya. Ba ta kai bakin titi ba ta jiyo muryar matar daga baya, ta ɗora bokiti a ka, tana faɗin abin da kowa ke faɗa: "Allah ya kai ladan kabarin Hajja."